Kiɗan da na Tawa: kada mu tsaya ga bege

Kowa ya san abin da ke faruwa a fadar dattawa in tsohuwar waƙa ta faɗo cikin radiyo. Hira takan tsaya, mai zuba shayi ya aje buta, wani ya ɗaga yatsa ya ce a saurara. In waƙar ta ƙare sai a shiga tuni: wane ne ya buga gita, a wane dandali aka fara jin ta, wace shekara ce, wa da wa ke raye cikin waɗanda suka taka rawa a daren. Daga ƙarshe sai wani ya yi ajiyar zuciya ya ce kiɗi ya ƙare tun da, yaran yanzu hayaniya kawai suke yi. A Tawa ana wannan hira, ana yin ta a Maraɗi da Damagaram da Yamai. Mu ma muna cikin masu wannan bege, ba mu ɓoye ba. Amma yau muna son mu ɗauki garin Tawa misali, mu tambayi kanmu abu biyu: me ya haifi makaɗan da muke bege, kuma ina waƙoƙinsu suke a halin yanzu?

Kiɗan zamani ya shigo ƙasarmu ta hanyoyi sanannu. Gidan radiyon ƙasa ya fara aiki a Yamai a 1958, shekara biyu kafin samun mulkin kai, ya riƙa sa faifan garmaho na ƙasashe dabam dabam. A ƙasar Adar kuwa akwai wata hanya ta biyu, wato jakar ƴan bida. Kamar yanda kowa ya sani, in an gama aikin gona samarin Adar sukan kama hanyar Abijan, ko Kano, ko Legas, su yi watanni suna neman abin rufin asiri. In sun komo gida, ban da turmin atamfa da agogo, sukan zo da akwatin radiyo, daga baya kuma da rakoda da kaset. Ta haka kunnen yaran Tawa ya saba da kiɗan Kuba, da rumbar Kongo ta su Franco da Tabu Ley, da Bembeya Jazz ta Gine, da Rail Band ta Bamako, da James Brown da Jimi Hendrix na Amurka. A gefe guda kuma ga Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos suna shigowa daga kudu, ga makaɗan gargajiya na gida waɗanda ba su taɓa barin dandali ba.

Da farko samari kwaikwayo suka yi, kuma babu abin kunya a nan, domin da koyo akan iya. Ɗan lakwal ya sami tsohuwar gita ya yi ta maimaita abin da ya ji cikin kaset har yatsunsa su yi kanta. Waƙar da bai san ma'anar kalmominta ba yakan rera ta daidai, da harshen Sifaniyanci ko Lingala ko Ingilishi. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne abin da ya biyo bayan kwaikwayon.

A shekarun 1970 aka kafa wata ƙungiyar kiɗa a Tawa mai suna Azna de l'Ader, ƙarƙashin jagorancin wani gwanin gita da kowa ya sani da laƙabin Mona. Salon bugunsa ya bi sawun Hendrix, mai ƙara da kuka da gurnani, har masu sha'awar kiɗa na ƙasashen waje suka riƙa kwatanta su. Amma a dubi sunan da suka zaɓa wa kansu. Da sun so, da sun ɗauki sunan wani birni na Turai kamar yanda ƙungiyoyi da dama suka yi a wancan zamani. Sai suka kira kansu Aznan Adar, wato suka jingina kansu ga mutanen farko na ƙasar, masu gona da farauta da al'adun kaka da kakanni. Kayan kiɗan na Bature ne, wutar lantarki ke tada su, amma masu riƙe da su sun faɗa wa duniya ko su ɗiyan wane gida ne. Kuma sun zauna garinsu suna kiɗa shekara da shekaru, a lokacin da kowane mai ƴar baiwa hankalinsa na kan babban birni.

Irin waɗannan makaɗa gari ne ya rene su, kuma renon yana da kayan aikinsa. A zamanin mulkin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, an raya samariya a kowace unguwa da kowane ƙauye. A 1976 aka yi bukin matasa na ƙasa karo na farko a Damagaram, daga nan ya riƙa zagaya manyan garuruwan jihohi bakwai na lokacin, Tawa ma ta karɓi baƙuncinsa. Kafin a kai ga babban buki sai an yi tankaɗe da rairaya tun daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jiha. Yarinya mai murya a wani ƙauye na Keita ko Buza ko Madawa ta san akwai ranar da za a saurare ta. Saurayi mai buga ganga ya san in ya ƙware zai hau mota ya je ya kare sunan jiharsa. Akwai gidan matasa inda ake gwaji da marece, akwai mushen lakwal da ke taimakawa wajan tsara baiti, akwai ma'aikatan Muryar Sahel da ke zuwa da na'ura su ɗauki abin da aka yi, bayan kwana kaɗan a ji shi daga Difa har Tera.

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: wancan zamani yana da nasa aibi. Waƙoƙi da yawa na bukin matasa an tsara su ne bisa abin da magabata ke son ji, kuma mawaƙi ba ya da damar faɗin duk abin da ke ransa. Iyaye da dama ba su son ɗansu ya riƙe gita, suna ganin kiɗa aikin maroƙa ne ko hanyar lalacewa. Makaɗan orkes kaɗan ne suka ci abinci da kiɗa kaɗai, galibinsu suna da wata sana'a da rana. Duk da haka tsarin ya yi abin da ake bukata ga mai baiwa: ya ba shi wurin koyo, da ranar gwada kansa, da abokin gasa, da jama'ar da za ta yaba ko ta kushe.

A 1987 aka fara gasar kiɗan zamani ta ƙasa wadda aka sa wa sunan Ɗan Gurmu, shahararren mawaƙin gargajiya na Tawa, wanda ya riga mu gidan gaskiya kafin a fara gasar, Allah shi jiƙan shi. Waɗanda suka zaɓi wannan suna sun yi tunani mai zurfi. Gasa ce ta masu gita da amfili da gangunan Bature, amma aka ɗora ta bisa sunan dattijon da ya yi waƙa da harshen gida da salon gida, don a nuna wa samari inda saiwar take. Zamanin wannan gasa ne sunaye irin su Sa'adu Bori na Maraɗi, da Sani Abusa na Damagaram, da Musa Pusi, da Fati Mariko, da Adams Junior, da Yakuba Mumuni suka cika ƙasa. Ba da jimawa ba aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai, aka sa mata sunan Alhaji Taya, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan zamani na Nijar. A 1994 faifan Niamey Twice na Musa Pusi da Sa'adu Bori ya fito a Turai, aka ji Hausa da Zabarmanci a shagunan faifai na Landan da Paris. Duk wanda ya lissafa zai ga shekara bakwai ne kawai tsakanin fara gasar da fitowar wannan faifai. Abin da aka shuka shi ya tsira.

To, ina waƙoƙin suke yau? Nan ne maganar ta yi nauyi. A wancan zamani ƙasarmu ba ta da masana'antar buga faifai. Mafi yawan abin da makaɗanmu suka yi an ɗauke shi ne a gidan radiyo bisa bandi, wato dogon zaren nan mai naɗi, sauran kuma yana cikin kaset da ake kwafa daga hannu zuwa hannu a kasuwa. Zaren bandi da na kaset leda ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe, aka manne shi da wani irin danƙo, kuma cikin wannan garin ƙarfe murya take kwance. Zafi yana busar da ledar ta yi gautsi, raɓar damina tana lalata danƙon har zaren ya manne da juna, ƙura tana kankare garin ƙarfen duk lokacin da aka juya shi. A garin da zafin bazara ke wuce digiri 40, kaset da aka aje cikin akwatin ƙarfe shekara 40 yana mutuwa ne sannu sannu ba mai ji. Na'urorin da ke karanta bandi kuma sun yi ƙaranci ƙwarai, masu gyaransu suna tsufa. Littafi in ya tsufa ana iya karanta rabinsa. Zare in ya manne ya tsinke, abin da ke ciki ya tafi ke nan.

Ga misalai uku da ya kamata su hana mu barci. Ƙungiyar Azna de l'Ader ta yi kusan shekara 40 tana kiɗa kafin faifanta ya shiga kasuwannin duniya, kuma wani ƙaramin kamfani na Amurka mai suna Sahel Sounds ne ya fitar da shi a shekarun 2010, da sunan Zabaya. Mamman Sani, wanda ya ɗauki kiɗan organ ɗinsa a Yamai a 1978, kiɗan da ƴan Nijar suka yi shekaru suna ji tsakanin shirye-shiryen radiyo da talabijin, sai a 2013 wannan kamfani ya sake buga aikinsa, duniya ta san sunansa. Mdou Moctar, ɗan arewacin jihar Tawa, wanda ya harhaɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke, sai da ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, suka yi ta yawo cikin wayoyin salula kafin baƙi su tsince su, daga baya ya zagaya Turai da Amurka yana kiɗa. Muna godiya ga baƙon da ya ga darajar abinmu. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma bai kamata a ce sai wani ya ƙetaro teku sannan za a san abin da ke cikin rumbunmu ba. Baƙo yakan zaɓi abin da ya dace da kunnen mutanensa. Waƙar zabiyar da ta tada hankalin dandali a bukin matasa, wadda ba ta da gita mai kuka, wa zai zo dominta?

Wata ƙasa ta Afirka ta Yamma ta riga ta nuna abin yana yiwuwa. A Gine, zamanin Seku Ture, kowace jiha tana da orkes nata, ana gasa tsakaninsu. Bembeya Jazz da dattawanmu ke so ta fito ne daga Beyla, wani gari mai nisa da Konakiri, a 1961, kuma cin gasa ne ya kai ta babban birni. Bandunan da aka ɗauka a wancan zamani sun yi shekaru suna lalacewa a gidan radiyon ƙasar, har zuwa tsakanin 2008 da 2013, lokacin da wani mai bincike ɗan Ostareliya, Graeme Counsel, tare da ma'aikatan gidan da tallafin babban ɗakin karatu na Ingila, suka juye waƙoƙi fiye da 9,000 cikin na'ura. Aikin bai bukaci gina masana'anta ba. Abin da ya ci shi ne ɗaki mai tsabta, da na'urar karanta bandi mai lafiya, da kwamfuta, da mutane masu haƙuri.

Mun san akwai masu cewa ƙasa tana fama da matsalar tsaro da ta cimaka da ta lakwal, wa ke ta tsohuwar waƙa? Maganarsu tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Sai dai akwai aikin da in an jinkirta shi ana iya yin sa baɗi, akwai kuma wanda in lokacinsa ya wuce ba ya komowa. Hanyar da ba a shimfiɗa bana ba ana iya shimfiɗa ta baɗi. Dattijon da ya san wanda ya tsara waƙa kaza, da dalilin da ya sa aka yi ta, in ya kwanta dama babu kasafin kuɗin da zai maido shi. Da yawa cikin makaɗan da muka ambata sun riga sun tafi. Kuma a tuna, cikin waɗannan waƙoƙi akwai tarihin ƙasa: yunwar shekarun 1973 da 1984, da dashen itatuwa, da yaƙi da jahilci, da kewar matar da mijinta ya daɗe a bida. Wanda zai rubuta tarihin Adar nan da shekara 50 zai bukace su kamar yanda yake bukatar takardun ofis.

Akwai kuma dattawan da ke ɗora laifi duka bisa yaran yanzu, suna cewa ba su iya komi ba sai danna kwamfuta. A nan ma sai mu yi adalci. Yaron da bai taɓa ganin gita kusa ba, wanda unguwarsu ba ta da wurin gwaji, wanda ba wata gasa da ke jiran sa a ƙarshen shekara, da me zai koyi bugu? Ya kama abin da hannunsa ya kai gare shi, kamar yanda iyayensa suka kama kaset ɗin ƴan bida. Mu dubi kokowa. A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa karo na farko a 1975, kuma saboda an riƙe ta da hannu biyu, kusan kowace shekara ana fitar da takobi, har yau yaro a ƙauye yana tashi da gurin zama sarkin kokowa. Gasar Ɗan Gurmu kuwa ta sha tsayawa ana sake tada ta. Baiwar kokowa ba ta fi ta waƙa yawa a ƙasar nan ba. Bambancin yana ga kulawa.

Saboda haka muna kira ga magabatan jiha da na gari da ma'aikatar al'adu, da su ɗauki wannan al'amari da muhimmanci. Na farko, a ƙidaya abin da ke akwai: bandunan gidan radiyo na ƙasa da na jiha da suka shafi makaɗan Adar, a rubuta sunayensu, a fara juye waɗanda suka fi tsufa. A Yamai akwai cibiyoyi da suka daɗe da sanin aikin adana murya, irin su IRSH da CELHTO, ga kuma jami'a a Tawa mai ɗalibai da ke neman abin bincike. Na biyu, duk abin da aka juye a aje kwafinsa a Tawa, a gidan matasa da al'adu na Albarka Cibau, inda ɗan gari zai shiga ya saurara ba sai ya biya kuɗin mota zuwa Yamai ba. Na uku, a tsaida wa gasar Ɗan Gurmu lokaci sananne da ba ya motsi, ko da kyautar ƙarama ce, domin ƙaramar gasa da ake yi kullum ta fi babba da ake yi sa'in da aka tuna. Na huɗu, a sami kayan kiɗa ko da saiti ɗaya ne a gidan matasa, a ɗauki tsofaffin makaɗan gari su koyar, a biya su haƙƙinsu. Garin ya sami gine-gine lokacin bukin Tawa Sakola na 18 ga Disamba 2017. Gini yana bukatar abin da zai raya cikinsa.

Ga ƴan kasuwa da ɗiyan Adar mazauna Abijan da sauran wurare, ku da iyayenku kuka fara kawo kaset garin nan. Kuɗin saitin kayan kiɗa bai kai na bukin aure guda na mai hali ba. Ga gidajen radiyo masu zaman kansu, in kun sa tsohuwar waƙa ku faɗi sunan mai ita da garinsa, kuma ku biya abin da doka ta ɗora maku ta hannun ofishin kare haƙƙin mawallafa, domin marayu da gwaurayen makaɗa su ma su san mahaifinsu ya bar gado.

Ku kuma da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, akwai babban rabo naku cikin wannan aiki, kuma ba ya bukatar izinin kowa. Kun iya rubuta Hausa. A unguwarku akwai tsohuwar da ta yi waƙa a samariya, akwai tsohon da ya buga ganga a orkes. Ku ɗauki kaye da biro ku je ku gaishe su. Ku rubuta sunansu, da ƙungiyar da suka yi wa aiki, da shekarar da suka je buki, da baitocin da suka tuna, da sunan wanda ya tsara su. In akwai wayar salula a ɗauki muryarsu, bayan an nemi yardarsu. Wanda ke da tsohon kaset ko hoto cikin akwati ya fitar da shi daga zafi da ƙura, ya aje shi wuri mai inuwa, kada ya yi ta juya shi cikin lalatacciyar rakoda, ya jira ranar da za a juye shi. Mushen yaƙi da jahilci yana iya maida wannan aikin darasi: ɗalibi ya koyi rubutu, gari ya sami tarihinsa.

Abin da muka faɗa dangance da Tawa ya shafi Maraɗi da Damagaram da Doso da kowane gari da ya taɓa fitar da mawaƙi. Bege abu ne mai kyau, shi ke nuna ba mu manta alheri ba. In an jima tsohuwar waƙa ta sake faɗowa a fada, bayan an gama ajiyar zuciya, sai wani cikin mazauna ya tambaya: wa ke da kaset ɗinta, kuma wa zai rubuta sunan mai ita?

Allah shi jiƙan makaɗanmu da suka rigaye mu, shi ba na raye lafiya da rufin asiri, shi taimaki ƙasarmu Nijar. Amin.